Hoton Baba Salifu

Shagona a Aboabo yake, bayan masu facin taya,
tebur ɗaya, kwamfuta ɗaya, fanka mai tari.
Ranar Talata Zuwera ta shigo, laima na ɗiga,
ta kwance bakin gyale,
ta ajiye mini mahaifinta a tafin hannu.

Hoton katin ƙungiyar direbobi ne,
faɗinsa yatsa biyu,
hatimi ya ci rabin kafaɗa,
tsatsa ta lashi gefen hula.
Ta ce, "Shi kaɗai ya rage mana.
Ka ƙara masa girma,
ka tsayar da shi kusa da Mutaru a hoton aure,
bai ga ranar ba."
Na ce sidi arba'in. Ta ce talatin. Na ce to.

Kusurwa na kama na ja, ban kama gefe ba,
mai jan gefe shi ke yi wa siriri tumbi,
ko ya miƙe fuska ta koma taɓarya.
Tsawo da faɗi na ɗaure su tafi tare
kamar shanun huɗa.
Ninki biyu, yana nan.
Ninki huɗu, ido ya fara narkewa.
Ninki takwas, Baba Salifu ya watse,
kunci bulo, gemu bulo,
ginin da kuɗi suka ƙare masa a hanyar Ejisu.
Abin da mai hoto bai ɗauka ba a waccan shekara
ba na'urar da za ta ranta maka shi yau.

Na koma baya.
Na bi gefen kunnensa da hannun wanzami,
na share labulen da ya koɗe.
Sai ga ƙananan ɗakuna a bayansa, fari da toka,
sun jeru kamar gidan dara.
Zuwera ta leƙo: "Wannan wace atamfa ce?"
Na ce ba atamfa ba ce,
haka na'ura ke rubuta babu.
Ta daɗe tana kallo,
ta ce, "Ashe babu ma tana da kama."

Shimfiɗa uku na yi.
Ta ƙasa rumfar biki da kujerun roba,
ta sama ango da babbar riga,
tsohon a tsakani, don katin bai ba shi ƙafafu ba,
kafaɗar jikansa ta rufa masa asiri.
Amma hasken bai jitu ba:
ranar shekara arba'in da suka wuce
ta ƙi gaisawa da fitilar waya.

Sai na rage masa kauri.
Tamanin. Saba'in. Hamsin.
Ƙarfen rumfa ya ratso ta ƙirjinsa,
wata mai rabon wake da shinkafa ta fito ta goshinsa.
Na yi zaton na burge.

"Kai, mai da shi!
Ba fatalwa na kawo maka ba.
Mutumin da in ya hau mota sai ta karkata,
shi za ka sa ana hango kujera ta cikinsa?"

Na mai da shi ɗari.
Ta sa na rage girman, na ƙara ragewa,
har idon ya dawo ido,
har tabon da fankar injin ta yi masa a haɓa ya fito.
Ya tsaya ɗan ƙarami a bayan Mutaru,
kamar wanda ya makara ya leƙo daga nesa.
Ta ce, "Yauwa. Dama bai son gaba."

Ta biya, ta naɗe katin a gyale,
ta fita ta manta laima.

Wanda na buga mata, na haɗe shimfiɗun wuri guda.
Nawa ban haɗe ba.
Wani dare in aiki ya yi sauƙi nakan buɗe,
in kashe rumfa, in kashe ango,
in bar direban shi kaɗai a kan darar nan,
hatimi a kafaɗa,
yana kallona kamar mai jiran mota ta cika.